Tirelar walda ba ta zuwa da takarda: karanta tayarta da wayarka kafin ka biya kuɗi

Wanda ya saba tsayawa bakin titin BUK wajen Ƙofar Dukawuya da sassafe ya san irin abubuwan da ake ja a bayan mota a nufi Kabuga. Wata ƙaramar tirelar janareta ce a kanta za a kai gidan biki, wata tankin ruwa ne za a kai wurin gini can Rijiyar Zaki, wata kuma lasifikoki ne da kujeru da rumfa. Matasa masu haɗa sola su ma sun fara gane cewa batura da faranti sun fi zama lafiya a tirela fiye da a cusa su kujerar baya. Wasu daga cikin waɗannan tireloli iyakarsu cikin gari, wasu kuwa sai sun miƙe hanyar Gwarzo, su wuce sabuwar jami'a da Janguza, su yi tafiyar awa guda ko fiye a kan kwalta mai zafi.

A Turai da Amurka, ƙaramar tirelar tafiya kayan kamfani ce. Tana zuwa da ɗan faranti na ƙarfe a manne a wuyanta, an rubuta nauyinta, da iyakar kayan da za ta ɗauka, da girman tayar da ta dace da ita, da iskar da za a sa. Tamu ba haka take ba. Mai walda ne ya ƙera ta a bakin titi, da ƙafar bayan wata tsohuwar Golf ko Starlet da aka sayo a Kasuwar Ƙofar Ruwa, da sifirin na wata motar daban, da ƙarfen da kuɗin mai ita ya iya saya. Babu faranti, babu littafi. Idan ka tambayi wanda ya ƙera ta nawa za ta ɗauka, amsar ba ta wuce "za ta ɗauka, in sha Allahu".

A jikin tirelar nan gaba ɗaya, abu ɗaya ne kacal yake ɗauke da rubutun da aka yi gwaji kafin a rubuta shi, shi ne taya. Kuma shi ne rubutun da aka fi ƙin karantawa. Mai saye zai duba zane, ya danna gefe da babban yatsa, ya ɗan buga ta da ƙafa, sai a koma ciniki. Alhali duk abin da ake buƙata don a karanta shi yana aljihunka: fitila, kyamara da kalkuleta.

Baƙi a kan baƙi

Matsala ta farko ita ce ganin rubutun, don haruffan baƙaƙe ne a kan baƙar roba. Kada ka haska fitilar waya kai tsaye. Karkata ta ta gefe yadda haruffan za su yi inuwa, ko ka goga ɗan alli a kai, sannan ka ɗauki hoto ka buɗe shi da yatsu. Manhajojin karanta rubutu irin su Google Lens sukan rikice da irin wannan rubutu mai lanƙwasa, idonka ya fi su.

Ɗauki tayar da aka fi samu a ƙananan motoci: 175/70R13 82T. Lambar farko faɗin taya ne, milimita 175. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 70 cikin ɗari na faɗin. Harafin R na nufin zaren cikinta a gicciye yake daga baki zuwa baki, irin ginin tayoyin motocin zamani. Sai 13, girman wilin da za ta hau, da inci. Waɗannan kowane mai faci ya san su, da su ake ciniki: "ba ni sha uku", "ba ni sha huɗu".

Inda ake tsallakewa shi ne ƙarshen layin, 82T, kuma ga mai tirela nan ne maganar take. Lamba 82 ba kilo 82 ba ce. Alama ce a wani jadawali da kamfanonin taya na duniya suka yi tarayya a kai, kowace lamba da nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka idan iskarta ta cika. Lamba 75 kilo 387 ce, 80 kilo 450, 82 kilo 475, 88 kilo 560, 91 kilo 615, 94 kilo 670, 100 kilo 800, 102 kilo 850. Ba sai ka haddace ba. Nemi jadawalin a intanet sau ɗaya, ka ɗauki hoton allon, ka ajiye. Yawancin tayoyi ma sun sauƙaƙa maka: da ƙananan haruffa kusa da bakin wili za ka ga MAX LOAD, sai nauyin da kilo, sai iskar da ake nufi.

Harafin da ke biye da lambar iyakar gudu ne. L kilomita 120 a awa, M 130, N 140, T 190, H 210. Wannan bai cika damun mai tirela ba, domin mai hankali ba ya kai ko ɗari da tirela a baya.

Lissafin da ba ya cin minti biyar

Tunda babu farantin kamfani, kai za ka zama injiniyan. Ruwa ya fi komai sauƙin lissafi, lita ɗaya kilo ɗaya. Buhun siminti kilo 50, buhun shinkafa 50. Nauyin janareta da batirin sola a rubuce yake a jikinsu ko a shafin kamfanin. Ita kanta tirelar, in ba ka da inda za a auna maka, mai waldar da ya sayi ƙarfen zai iya yi maka kiyasi, sai ka ƙara wani abu a kai, don kiyasin ido kullum ƙasa yake faɗuwa.

Mu ɗauki tirela mai tankin ruwa lita 1,000. Ruwan kilo 1,000 ke nan. A ce tankin da ƙarfen tirelar sun kai 250, jimla 1,250. Wajen kashi goma cikin ɗari na wannan nauyi yana sauka a kan mahaɗin da ke bayan mota, saura 1,125 a kan tayoyi biyu. Kowace taya tana ɗauke da kilo 563.

To ga tayar da ke ƙarƙashi, 82T, iyakarta 475. Tun a nan an wuce. Kuma akwai ƙarin magana. Dokar Amurka ta ce idan aka sa tayar ƙaramar mota a tirela ko motar ɗaukar kaya, sai a raba nauyin da aka rubuta da 1.10, saboda irin wannan aiki ya fi matsa wa taya fiye da zaman mutum huɗu a mota. Danna kalkuleta: 475 a raba da 1.10, ya ba ka 432. Wato tayar da ya kamata ta tsaya a kilo 432 an ɗora mata 563, kusan kashi talatin cikin ɗari a kan ƙarfinta, tun tana sabuwa, tun iskarta na cike. Idan tsohuwa ce kuma iskar ta ragu, lissafin ya fi haka muni.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne tirelar za ta tafi. Za ta tafi yau, ta tafi gobe, mai ita ya ce ai ga shi nan babu abin da ya faru. Taya ba ta fashewa a lokacin da aka yi mata lodi. Gefenta ne yake lanƙwashewa fiye da ƙima a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin yana raba roba da zaren da ke cikinta a hankali. Ranar da za ta yi bindiga tana iya zama ranar da kayan ba su ma da yawa.

Ni a ganina kada ka tsaya a daidai wa daida. Ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan abin da lissafi ya ba ka, saboda ramuka, da kayan da ba sa zama daidai a tsakiya, da ɗan'uwan da zai ce a ɗora masa buhu biyu a sauke a hanya. A misalinmu, 563 ta koma wajen 675. Ka bar layin tayar ƙaramar mota ke nan.

Amma a yi adalci: ba kowace tirela ke buƙatar wannan ba. Idan kayanka da tirelar duka ba su wuce kilo 500 ba, kamar lasifikoki da rumfa, kowace taya na ɗaukar ƙasa da 250. Lafiyayyar tayar ƙaramar mota ta isa, har da rara mai yawa. Kashe kuɗi a kan taya mai nauyi a nan ɓarna ce, ga shi za ta riƙa sa tirelar tsalle idan babu kaya.

Harafin da za ka nema a kasuwa

Idan ka shiga YouTube neman bayani, Amurkawa za su cika ka da maganar tayar ST. Taya ce da aka yi musamman don tirela, gefenta da tauri don rage rawa, kuma da yawa daga cikinsu a al'ada iyakar gudunsu mil 65 ne a awa, wajen kilomita 104. Bayanin gaskiya ne, amma na kasuwarsu ne. Kada ka ɓata yini kana zagaya Sabon Gari kana neman ST.

Abin da ke gabanka a Kano shi ne taya mai harafin C a ƙarshen girmanta, wadda aka yi don bas da motocin kaya. Ita ce a ƙafar Hiace ɗin da ke lodi a tasha. Misali 185R14C 102/100. Lambobi biyun nan, ta farko idan taya ɗaya ce a kowane gefe, ta biyu idan an jera biyu-biyu. Kai ta farko ce taka: 102, kilo 850. Biyu sun ba ka 1,700, kuma ita ba a raba ta da 1.10, don aikin da aka yi ta dominsa ke nan. Masu ƙaramin wili kuma akwai tayar Hijet, 145R12. Mai rubutun 6PR tana ɗaukar kilo 450, mai 8PR tana ɗaukar 530. Girmansu ɗaya, a ido ba ka bambanta su, amma tsakaninsu kilo 80 ne a kowace ƙafa. Wannan PR tsohon ma'auni ne na ƙarfin ginin taya, lambar na hawa ƙarfin na ƙaruwa.

Sai dai babbar taya ba ta mayar da tirela babbar mota. Ƙafar Starlet tana nan a matsayin ƙafar Starlet, da borisinta da sifirinta. Ga kuma birki, wanda kusan duk tirelolin walda ba su da shi. A Turai ba a yarda tirela marar birki ta wuce kilo 750 ba, ita da kayanta, a Ingila kuma an ƙara da cewa kada ta wuce rabin nauyin motar da ke janta. Ka auna wannan da tankinmu mai kilo 1,250 a bayan ƙaramar mota, ga ɗan adaidaita ya tsaya maka a gaba ba sigina. Wani lokacin gyaran ba a taya yake ba, a rage ruwan tankin ne zuwa rabi a yi sawu biyu.

Akwai masu sa ƙafar adaidaita sahu, 4.00-8, don araha da sauƙin samu. A cikin lunguna, da ɗan kaya, da tafiyar sannu, babu laifi. A babban titi kuwa lissafi ya canza. Ƙaramar taya irin wannan tana juyi wajen sau 770 a kilomita guda, yayin da 175/70R13 ke yin wajen 550. Yawan juyi yawan zafi ne, a taya da boris duka, kuma ƙaramar ƙafa ta fi faɗawa rami da ƙarfi. Mota tana tafiyar da ita ba ta ji komai ba, ƙafar da ke baya tana gudun da ba a yi ta dominsa ba.

Abu na ƙarshe a nan: tayoyin biyu su zama iri ɗaya, girma ɗaya, lambar nauyi ɗaya. Kada ka haɗa mai R da wadda ba ta da shi, wato mai D ko mai ɗan layi kamar 5.00-12, a ƙafa ɗaya. Ba sa lanƙwasa iri ɗaya, tirelar za ta riƙa ja gefe.

Ranar haihuwar taya

Tayar mota zane take cinyewa. Tayar tirela tsufa take yi da zanenta. Dalili kuwa ita ba kullum take hanya ba. Tana iya yin wata biyu a jingine a ƙofar gida ko a wani kango, rana na dukanta ta gefe ɗaya. A cikin robar taya akwai sinadaran kariya da ke fitowa sama a hankali idan tana juyawa tana lanƙwasa. Idan ta daɗe a tsaye sai saman ya bushe, ƙananan tsaga su fara bayyana a gefe da cikin ramukan zane. Sai ka ga taya zanenta kamar jiya aka sayo, amma robar ta mutu.

Nemi haruffan DOT a gefen tayar. Bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye mai kama da ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Sau da yawa cikakkiyar lambar a gefe ɗaya kawai take, in ba ka gani ba juya tayar. Idan ka tarar lambobi uku ne, an yi ta kafin shekarar 2000, ta girmi da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi. Ta dace da shingen fulawa ko lilon yara.

Shekara nawa ne iyaka? A nan bakin masana bai zo ɗaya ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, shekara huɗu take faɗa daga ranar ƙira, kuma ta ƙara matsa wa wannan magana bayan haɗarin 6 ga Maris, 2016, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, wanda ya yi ajalin ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa, inda binciken hukumar ya ambaci fashewar taya da gudu. Kamfanin Michelin yana cewa a riƙa kai taya ana dubawa duk shekara bayan ta kai biyar, kuma kada ta wuce goma komai kyanta. Ƙungiyoyin masu tirelar yawon shaƙatawa a Ingila suna cewa a canza a shekara biyar, kada a kai fiye da bakwai. Ka tuna su wannan shawarar sun ba da ita ne a ƙasar da rana ke wuyar gani. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ni lambar FRSC da ta 'yan Ingilan nake ɗauka da muhimmanci, ba goman Michelin ba.

Maganar Beljiyam

Ba a yin wannan zance a tsallake tayar gwanjo, don ita ce a ƙafar yawancin tirelolin nan. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙira a Legas a 2008, kasuwar tayar mota ta koma hannun masu shigowa da ita daga waje, farashi kuma ya koma bin dala. Tsohuwar tayar ƙananan motoci tana cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su, amma kowa ya san inda ake sayar da ita. Mutum bai sayi Beljiyam don ƙauna ba, aljihu ne.

In dai ita za ka saya, aƙalla ka san abin da kake dubawa. Bayan ranar ƙira, nemi hoton wani ɗan dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki. Wannan tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi ce da aka haɗa don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. Zanenta yakan yi zurfi da kyau, da 'yan tsage-tsage sirara masu yawa, shi ya sa take jan ido a kasuwa. A kwaltar Kano sai ta yi laushi fiye da ƙima, ta cinye da wuri, ta ɗauki zafi. Ita ce mafi munin zaɓi ga abin da zai ɗauki nauyi.

Sa a ɗaga maka tayar ka haska cikinta da fitilar waya. Faci a tsakiyar zane ana iya zama da shi, faci ko ɗinki a gefe ba a ciniki a kansa. Shafa gefen da tafin hannu, duk inda ka ji kumburi zaren ciki ne ya tsinke. Duba bakin da ke kama wili: hukumar SON ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu don a rage kuɗin kwantena, kuma wannan cushe yana lanƙwasa zoben ƙarfen da ke bakin taya, har da sababbi. Sai zanen da aka sake yankawa da wuƙa mai zafi. A cikin ramukan zane na asali akwai 'yan tudu ƙanana da kamfani ke sawa, masu tsayin milimita 1.6, don su nuna inda taya ta ƙare. Idan ramin ya yi zurfi amma babu 'yan tudun nan, ko gefen ramin ya yi kaca-kaca, an yi mata aski ne. Haka nan idan wurin ranar ƙira ya yi kama da an kankare ko an liƙa, ajiye ta.

Masu saye ta Jiji ko Facebook ko a sitatus ɗin WhatsApp, abu ɗaya za ku nema kafin a yi maganar kuɗi: hoton lambar DOT da lambar nauyi na kowace taya, ba na guda ɗaya a madadin sauran ba. Mai kaya na gaskiya ba ya jin nauyin wannan.

Iska ce ke ɗaukar kayan

Duk lambobin nauyin da aka ambata a sama da sharaɗi suke: sai iska ta kai yadda aka rubuta. Tayar 185R14C ba ta ɗaukar kilo 850 sai da iska 65 a ma'aunin psi, wato ba 4.5. Idan mai faci ya sa mata 35 kamar yadda ya saba sa wa Corolla, ka biya kuɗin babbar taya ka tafi da ƙarfin ƙarama. Faɗa masa lambar da bakinka, ka tsaya ka ga ma'aunin. Ka kuma tabbata wilin ba mai tsatsa ko walda ba ne, bawul ɗin kuma sabo, domin bawul ɗin roba na yau da kullum iyakarsa wajen 65 ɗin ne. Na ƙarfe ya fi kwanciyar hankali.

Ana auna iska ne da safe kafin a yi tafiya. Iskar taya tana hawa ko sauka da wajen psi 1 a duk canjin digiri 5 zuwa 6, don haka wadda aka cika da tsakar ranar bazara ba za ta nuna lamba ɗaya da asubahin hunturu ba. A hanya kuma iska za ta hau saboda zafi, wannan daidai ne, an yi lissafinsa. Al'adar nan ta tsayawa a sace iska don kada taya ta fashe, ita ce ke kawo fashewar: ka rage iska, gefe ya ƙara lanƙwasa, zafi ya ƙaru.

Nan ne na'urori ke da amfani na gaske. Ƙaramin ma'aunin iska mai allo, wanda bai fi makulli girma ba, ya fi dogaro da ma'aunin bakin titi da ya sha faɗuwa a ƙasa. Famfon iska mai caji irin na Xiaomi, wanda ke kai wa psi 150 kuma yake tsayawa da kansa idan ya kai lambar da ka saita, yana ƙara iska da kyau, ko da yake cika taya daga sifili zai ja lokaci ya cinye cajin.

Wadda ta fi dacewa da mai tirela ita ce TPMS, na'urar sa ido kan iskar taya. Amurka ta wajabta ta a sababbin motoci daga 2007, bayan rikicin tayoyin Firestone na shekarar 2000 da ya sa aka janye taya miliyan 6.5 daga kasuwa, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2014. Wadda ake sayarwa daban 'yan murafai ne da ake ɗaurawa a kan bawul, suna aika lambar iska da zafi zuwa wani ɗan allo mai sola ko zuwa waya ta Bluetooth. Idan tayar motarka ta fara sacewa za ka ji a sitiyari. Ta tirela ba ka ji, sai dai wani ɗan babur ya cim maka yana nuna baya da hannu, lokacin kuwa wili ya riga ya fara cin kwalta. Kafin ka saya duba abu biyu. Wasu masu arahar iyakar awonsu ba 3.5 ne, wajen psi 50, ba za su yi wa tayar C aiki ba. Sannan siginar sai ta iso daga bayan tirela zuwa gaban mota, gara ka gwada a tsaye kafin ka dogara da ita. Murafan suna zuwa da ɗan noti na kullewa, ka ɗaura shi, don abu mai ƙyalli a bakin taya a cikin unguwa ba ya kwana biyu.

Wanda ba shi da kuɗin wannan duka yana da hannu. Bayan tafiyar minti ashirin, tsaya ka kusantar da bayan hannunka ga kowace taya da tsakiyar wilin. Ɗumi ba komai ba ne. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, ko iska ce ta ragu, ko kaya sun karkata, ko boris na neman giris.

Safaya da lungu

Kada ka ɗauka safayar motarka za ta shiga tirelar don ka ƙirga noti huɗu a nan huɗu a can. Tazarar ramukan ta bambanta. Tsohuwar Golf da Starlet da yawancin tsofaffin Corolla 4x100 ne, Peugeot 406 4x108, tsohuwar 504 kuwa 4x140. Gwada a gida, har da jak da sifanar da za ta kwance notin, domin jak ɗin mota ba lallai ya sami wurin kamawa a ƙarƙashin tirelar walda ba.

Mazauna cikin badala kuma suna da tasu matsalar daban. Tirela ba ta bin sawun mota daidai a kwana, tana yanke ta ciki. A lungunan Dukawuya da makwabtanta, inda bakin kwata na siminti ke gefe da gefe, gefen tayar tirela ne ke gogar kankare duk shiga duk fita, kuma gefen nan shi ne wuri mafi rauni a jikin taya. Buɗe kwana fiye da yadda ka saba, in lungun ya matse a cire tirelar a tura ta da hannu. Idan za ta daɗe a ajiye, sauke kayan, ka ɗora tayoyin a kan katako maimakon ƙasa mai danshi ko inda baƙin mai ya zuba, ka rufe su da tsohon buhu ko kwali daga rana. Sannan ka sa tunatarwa a kalandar wayarka, duk wata ɗaya a auna iska a ɗan gangara da ita gaba kaɗan, don kada wuri ɗaya ya yi ta zama a ƙasa.